Babur Mai Ƙafa Huɗu Ya Ƙi Tashi: Ta Ina Za Ka Fara?

Duk shekara idan Sallah ta matso, sai an sauke mini babur mai ƙafa huɗu a bakin gareji, an ɗauro shi da igiya a bayan a-kori-kura. Bayanin mai shi ba ya canzawa: "Oga, lafiyarsa ƙalau muka ajiye shi, yau mun zo tayarwa ya ce bai san zancen ba." Da wuya kuma in zama ni na fara taɓa shi. Kafin a zo wurina an biya ta wajen wani yaro mai gyaran acaɓa, ya kwance kafireto ya wanke, ya mayar, ya sake kwancewa, daga nan ya fara aiken kasuwa.

Akwai wani ɗan ƙarami na yara, mai 110cc, da ba na mantawa da shi. Uban yaran ya riga ya sayi sabon koyil da sabon CDI da sabuwar kafireto, duk an ɗaura, shiru kake ji. Na zagaya bayan babur ɗin sai na ga wani ɗan soket a ƙarƙashin kariya, bakinsa a buɗe. Mazaunin wata hular roba ce mai igiya, wadda babba ke riƙewa idan yaro yana tuƙi, in ya ga za a yi ɓarna ya fizge, inji ya mutu. Muddin hular ba ta ciki, ko sabon inji ka ɗaura ba za ka ga wuta ba. Aka aika gida, aka same ta a wuyan ƙaramin cikin yaran, ya mai da ita sarƙa. Bugu ɗaya babur ya tashi. Kayan da aka cire masa kuwa, babu ko ɗaya da ya lalace.

Masu koyo suna ɗaukar wannan babur tamkar acaɓa ne da aka ƙara wa ƙafa biyu. Ta fuskar inji suna da gaskiya. Ƙananan da ake kawowa daga Sin, 50cc zuwa 125cc, injinsu kwaikwayon na Honda Cub ne, irin wanda ke jikin Lifan da roba-roba, har kayansu suna shiga juna. Amma rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Acaɓa kullum yana kan titi, mansa sabo, batirinsa a cike, aiki ne ke cinye shi. Mai ƙafa huɗu zama ke kashe shi. Sai ya yi wata uku a lungun gida ko a rumfar gona ba a waiwaye shi ba, ranar da ya fita kuma yashi ne da ƙura da taɓo da rafi. Daga nan yawancin ciwonsa yake fitowa, har a manyansu irin su Yamaha Grizzly, Suzuki KingQuad, Polaris Sportsman da Honda, waɗanda galibi na hannu ake shigo da su.

Kafin inji ya tashi sai abu huɗu sun haɗu: ya juya da ƙarfi, wuta ta zo a kan lokaci, mai da iska su gauraya daidai, sannan silinda ta matse su. Aikinka shi ne ka gano wanne ne ba ya nan. Ka fara daga abin da ba ya cin kuɗi, kuma kada ka taɓa abu biyu a lokaci guda, don in ya tashi ba za ka san wanne ya yi magani ba, in ya ƙi kuma ba za ka san wanne ka ɓata ba.

Kayan aiki

- Mitar gwada wuta. Ko mai arha ce ta isa, kuma ita kaɗai ta fi rabin abin da ke cikin akwatinka amfani a wannan aiki.
- Sifanar filogi da ta yi daidai da naka, da sabon filogi ɗaya na ajiya.
- Sifanu masu lamba 8, 10 da 12, filaya, da sukudireba mai baki mai kyau.
- Fila-gej, wato siraran ƙarafan nan na auna tazara.
- Kwalba fara mai tsabta da ɗan guntun tiyo.
- Sabon fetur kamar lita ɗaya, daga gidan mai.
- Tsumma, tocila, da wayarka don ɗaukar hoto kafin ka kwance komai.
- Ma'aunin kwamfireshan, in da hali.

A fili za ka yi aikin. Hayaƙin salansa shi ne dai hayaƙin janaretan da ke kashe mutane a ɗaki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Ka ɗaure birkin hannu, ka sa dutse a gaban ƙafa da bayanta, ka kori masu sigari. Ka aje bokitin yashi kusa, don ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Mataki na 1: Tambaya, da duba baƙin mai

Kafin ka ɗauki sifana, tambayi mai shi. Yaushe rabon da a tayar da shi? A ina aka sayi man da ke ciki? Ya shiga ruwa? Ya kife? Da safe yake wahala ko bayan ya yi zafi? Wa ya taɓa shi kafin ni? Amsoshin nan su ne rabin gyara. Wanda ya daɗe a ajiye, batir da kafireto za ka zarga. Wanda ya mutu farat ɗaya ana cikin tafiya, wuta. Wanda ya yi watanni yana ƙara wahalar tashi a hankali, bawul da matsi.

Sannan zaro ma'aunin baƙin mai ka duba, ka shinshina. Idan mai ya koma fari-fari kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga inji. Idan ya haura ma'auni kuma yana warin fetur, kafireto ce ta yi ta tsiyaya cikin inji tun yana ajiye. A duk hali biyun, kada ka danna sitata. Ruwa ba ya matsuwa. In ya taru a kan fiston ka tilasta wa inji ya juya, sandar fiston ce za ta lanƙwashe, gyaran yini ya koma na wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Cire filogi, ka sa shi cikin hularsa ka jingina shi a jikin ƙarfe can nesa da ramin, ka juya inji ya fesar da abin da ke ciki, ka zubar da baƙin mai ka zuba sabo, sannan a ci gaba.

Mataki na 2: Makunnan tsaro

Wannan babur yana da masu gadi da acaɓa ba shi da su, kuma kowannensu zai iya hana shi tashi alhali lafiyarsa lau. Jan maɓallin kashe inji da ke hannun hagu ya kasance a wurin tafiya. Giya ta kasance a firi, koriyar fitila a kunne. Da yawa ba sa yarda sitata ta juya sai ka matse birki. A ƙananan na Sin, daga makunnin fitilar birki sitata ke samun izini, don haka matse birki ka leƙa baya: in fitilar ba ta kama ba, ga mai laifin nan, ɗan makunni ne da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Sai hular igiyar da na ba da labari, sai kuma ɗan akwatin rimot da ake sa wa na yara, wanda kan lalace ya riƙe wuta. Cire soket ɗinsa ka gwada. Kada ka manta da fis, yana kusa da batir.

Mataki na 3: Saurari sitata, gwada batir

Danna maɓalli ka kasa kunne. Shiru gaba ɗaya, komawa mataki na 2 ke nan, ko batir ya mutu murus. "Ƙas" guda ɗaya ko "ƙas-ƙas-ƙas" a jere, rilen sitata yana ƙoƙari amma wuta ba ta isa. Sitata tana kuka "wiii" inji bai motsa ba, kulocin sitata ne ke sulɓewa, wannan sai an buɗe gefen maganeto. Inji yana juyawa amma da nawa, kamar mai ciwon baya, nan ne mutane suka fi ruɗewa, suna cewa "ai yana juyawa, batir lafiya." Ba lafiya ba. Inji mai silinda ɗaya yana buƙatar gudu kafin ya ja mai daga kafireto kuma maganeto ya haifar da wuta mai ƙarfi.

Ɗora mita a kan batir kafin ka kunna komai. Cikakken batir yana nuna 12.6V ko sama kaɗan. In ya sauka zuwa 12.0V, ya kusa ƙarewa. Amma gwajin gaskiya shi ne ka bar mita a kai ka danna sitata. Idan lamba ta faɗi ƙasa da 10V, batir ya gaji, ko da ɗazu ya nuna maka 12.5V. Fitila da ham ba shaida ba ne, abin da suke ci kaɗan ne.

In batir ya tsaya da ƙafarsa amma sitata na nawa, bi wayoyi. Farin gari ko kore a kan batir yana tare wuta. Cire wayar ragi tukuna, sannan ta tarawa, don in sifana ta taɓa ƙarfen babur ba za ta yi tartsatsi ba. Wanke da ruwan zafi da 'yar kanwa, ba tare da ya shiga cikin batir ba, ka kankare har ƙarfe ya yi haske. Sannan bi baƙar wayar zuwa inda aka ɗaure ta a jikin babur. A babur mai shiga taɓo, tsatsa a wurin nan ta sa an sayi sitata da yawa a banza.

Kurakurai uku nake yawan gani. Na farko, kai ɗan batirin nan wurin masu cajin batirin mota, a ɗora masa wuta mai yawa ya kumbura. Cajinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ne: mai 9Ah, kimanin 1A, na tsawon sa'o'i. Na biyu, jona shi da mota alhali injin motar na aiki. In za ka ara wuta daga mota, a kashe take. Na uku, haɗa bakin rile da sukudireba. Hakan yana tsallake duk masu gadin da muka lissafa, in babur yana cikin giya kanka zai hau, ga kuma tartsatsi kusa da batir da tiyon mai.

Kuma kada ka danne sitata ka ƙi saki. Daƙiƙa 5, ka huta 10. Wanda ke da igiyar ja irin ta janareta, gwada ta. In ya tashi da igiya ya ƙi da maɓalli, ka taƙaita bincike. Bayan ya tashi, mita ta nuna tsakanin 13.5V da 14.5V idan ka ɗan ba shi wuta. In ba haka ba, babur ba ya caji, kuma sabon batirin ma kwanansa ƙidayayye ne.

Mataki na 4: Ko dai hannun mai tayarwa ne?

Na sha karɓar babur in tayar da shi a gaban mai shi ba tare da na gyara komai ba. Da yawa daga kafireton waɗannan babura, cok ɗinsu wata 'yar hanya ce ta daban da ke ƙara mai, kuma tana aiki ne kawai idan totur a rufe yake. Mutum ya ja cok, ya kuma danne totur da babban yatsa, ya warware abin da ya ƙulla. Da sanyin safiya, musamman a hunturu, ja cok har ƙarshe, ɗauke yatsa daga totur, danna sitata. In inji da zafinsa, ba ya son cok sam.

Idan an yi ta fama har warin fetur ya tashi, ya sha mai. Rufe makunnin mai, mayar da cok, danne totur har ƙarshe, ka juya shi daƙiƙa 5 sau biyu ko uku don iska ta share silinda. Ka shirya sakin totur da zarar ya kama.

Mataki na 5: Filogi da wuta

Filogi shi ne shaidan da ya ga komai. Bayan ka juya inji sau uku bai tashi ba, hure ƙasar da ke gindinsa don kada ta faɗa silinda, ka cire shi. In a jiƙe yake, mai yana zuwa, sai ka zargi wuta ko yawan mai. In a bushe yake ƙayau, mai ba ya isowa. Baƙi mai gari-gari kamar gindin tukunya, mai ya fi iska yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, ringi ko robar bawul sun gaji. Lafiyayye kalar ƙasa-ƙasa yake.

Mayar da filogi cikin hularsa, ka jingina zarensa a jikin ƙarfen inji, nesa da ramin da ka cire shi, don tururin fetur na fitowa daga nan kuma yana kamawa. Riƙe ta roba da filaya mai rufin hannu, ka danna sitata a inuwa. Kana neman wuta shuɗiya mai ƙara "tas-tas". Ja-ja mai laushi tana iya tsalle a sarari amma ta kasa a cikin silinda, inda matsi ke sa tsallen ya fi wuya. Kada ka juya inji hula na lilo ba ta taɓa ƙarfe ba, wutar da ta rasa hanya kan koma ta illata koyil ko CDI.

Ƙananan injuna galibi C7HSA suke sha, na 200cc zuwa 250cc kuma D8EA, duka da tazarar baki milimita 0.6 zuwa 0.7. Manya, bi littafinsu. Kasuwa cike take da jabun filogi masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, don haka "ai sabo ne" ba hujja ba ce. Ni ina aje filogi ɗaya da na cire daga injin da ke aiki, shi ne alƙalina.

In babu wuta da filogi mai kyau, bi ta baya. Warware hular daga wayarta, ka datse kamar santimita ɗaya na bakin wayar da ya yi tsatsa, ka mayar. Sannan je wurin CDI. A ƙananan injuna masu soket mai waya biyar, launukan na Honda aka gada: koriya ta jikin babur ce, baƙa mai ratsin rawaya tana zuwa koyil, baƙa mai ratsin ja da shuɗiya mai ratsin fari daga maganeto suke, baƙa mai ratsin fari kuma ita ce ta kashe inji. Zare wannan ta ƙarshe daga soket ka sake gwadawa. In wuta ta dawo, CDI da koyil da maganeto duk lafiyarsu ƙalau, wani makunni ne ko wayar da ɓera ya ci ke taɓa ƙarfe. Gwajin minti biyu ne, da an yi shi da uban yaran nan bai kashe ko sisi ba. Sai dai ka tuna, muddin wayar nan a zare take, makulli ba zai kashe injin ba. CDI kuwa shi ake zargi a ƙarshe, bayan kowa ya wanke kansa. In za ka saya, ka sani iri biyu ne, mai cin wutar maganeto da mai cin wutar batir, kuma ba sa maye gurbin juna ko da soket ɗinsu ya yi kama.

Mataki na 6: Mai

Idan wuta tana nan kuma filogi a bushe, yi wannan gwaji kafin ka kwance komai. Zuba rabin ƙaramin cokali na sabon fetur ta ramin filogi, ka mayar da filogi, ka tayar. In ya kama na daƙiƙa biyu ya mutu, ka tabbatar da wuta da matsi a lokaci guda, saura hanyar mai. Kada ka watsa fetur a bakin kafireto kana leƙe. Inji yana yin atishawa ta baya da harshen wuta, garin gyaran gira a rasa ido.

Daga sama za ka faro. Buɗe tanki ka shinshina. Tsohon fetur warin fenti yake yi, kalarsa ta yi duhu. Sashensa mai saurin kamawa shi ke fara tashi, kuma zafin ƙasarmu yana gaggauta hakan, sai a bar inji da abin da ba ya son ƙonewa da sanyi. A gindin kofin kafireto akwai ɗan sukurun tsiyaya. Sa tiyo a cikin farar kwalba, ka sassauta shi. Mai ya riƙa zuba ba yankewa. Ɗaga kwalbar ka duba: ruwa yana kwanciya a ƙasa kamar ƙwayar ido, tsatsa kuma ja take. Man jarka na 'yan bumburutu ya sha kawo mini duka biyun.

In ya zubo kaɗan ya tsaya, buɗe murfin tanki ka ga ko zai ci gaba. Tanki yana shaƙar iska ta wani siririn tiyo da ke kan murfi, in ya toshe mai ba ya sauka. Wani babur na gona ya ba mu wahala a kan haka. Yakan tashi, ya yi minti biyar, ya mutu, sai an bar shi ya huta. Ashe zanzaro ne ya yi gini a bakin tiyon. Tun daga ranar nake hura kowane tiyon iska da na gani, har na jikin kafireto. Wasu makunnan mai kuma sai inji ya zuƙe su ta wani ƙaramin tiyo suke buɗewa. Irin waɗannan, juya su zuwa PRI kafin ka yanke hukuncin cewa mai ba ya zuwa.

Sai yanzu ka isa kafireto, kuma abu ɗaya kake nema a cikinta: jet ɗin silo. Shi ne siririn da ke gefen babban jet, raminsa bai kai rabin milimita ba, kuma ta nan inji ke shan mai lokacin tashi da lokacin silo. Fetur ya bushe a kofi, ya bar danƙo, ramin ya rufe. Alamarsa a fili take: babur ba ya tashi sai da cok, ka mayar da cok ya mutu. Masu koyo suna wanke kofi da babban jet su ga sun yi ƙyalli su mayar, shi ya sa suke wankewa sau uku ba sauyi. Cire shi da sukudireba da ta cika bakinsa, don tagulla ce mai laushi. Jiƙa shi, ka zura silin waya ɗaya na jan ƙarfe daga cikin wayar lantarki, ka hura, ka ɗaga shi sama sai ka ga haske zagayayye. Allurar ɗinki tana faɗaɗa ramin, daga nan babur ya koma mashayin mai har abada.

Kafin ka cire sukurun daidaita mai da iska, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta lambar. Yawanci tsakanin ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi. Kada ka matse shi, bakinsa tsini ne, yana karyewa a ciki. Duba allurar fulot, in bakinta ya yi zobe ita ce ke sa ambaliya. Manyan kafireto masu robar sama, ka nisanta robar daga maganin wanki na feshi, kumbura take yi ta ƙi komawa mazauninta.

Masu injekta ba su da wannan duka. Murɗa makulli ka saurara, famfon mai zai yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu a cikin tanki. In shiru, duba fis da rile kafin ka zargi famfo. Waɗannan ba sa haƙuri da raunin batir ko kaɗan. Da yawansu kuma suna da na'urar da ke yanke mai idan babur ya kife, sai ka daidaita shi, ka kashe makulli ka sake kunnawa. Tiyonsu yana riƙe da matsi mai ƙarfi ko inji a kashe, ka naɗe shi da tsumma kafin ka zare.

Mataki na 7: Iska, shiga da fita

Buɗe akwatin iyakilina. Na tarar da sheƙar ɓera a ciki, na tarar da ruwa, na tarar da soson da ya ruɓe ya zama gari. Soso ana wanke shi da kananzir ko ruwan sabulu, ya bushe sarai, a shafa masa mai kaɗan a matse. Man nan ne ke kama ƙura, busasshen soso rariya ce kawai. Na takarda ba a wanke shi.

Lanƙwasa robar da ke haɗa kafireto da inji ka haska tocila. Zafi yana tsattsaga ta, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, mai ya yi ƙaranci, tashin safe ya gagara. Sannan sa tafin hannu a bakin salansa wani ya juya inji. In ba ka ji bugun iska ba, a toshe take, ko da laka ko da ginin zanzaro ko da baƙin da ya cika ragar da ke ƙarshenta.

Mataki na 8: Bawul da matsi

Ga wanda ya fi ɓoyewa. Babur yana da wuta, kafireto fes, amma kullum tashin safe sai an yi gumi, in ya yi zafi kuma kamar ba shi ba. Ƙurar da ta tsallake iyakilina tana cin bakin bawul ɗin shiga a hankali, bawul ya riƙa nutsewa cikin mazauninsa, tazarar tafet ta ƙare. Daga nan ba ya rufuwa sosai, matsi ya riƙa zurarewa. Masu koyo suna tsoron tafet mai ƙara, har suna matse shi don a ce sun iya aiki. Ni tafet mai shiru ɗif nake tsoro. Mai 'yar ƙara yana rufuwa.

Inji a sanyaye ake aunawa, wanda ya kwana ya fi. Buɗe murafan tafet, ka juya maganeto da sifana har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfi. Alamar tana zuwa sau biyu, wadda kake so ita ce lokacin da hannayen tafet biyu duk suke ɗan motsi in ka girgiza su. In sun ƙame, ƙara zagaye ɗaya. Ƙananan injuna kimanin milimita 0.05 suke so, wasu manyan Honda 0.15, saura ka duba littafi ko takardar da ke manne a jikin babur. Fila-gej ya wuce da ɗan ja kaɗan. Masu aunawa da reza su sani kaurinta ya kusa 0.1, ninki biyu ke nan na abin da ƙaramin inji ke so. Bayan ka ɗaure noti sake aunawa, don ɗaurin yana motsa saitin.

In kana da ma'aunin kwamfireshan, danne totur har ƙarshe lokacin gwaji, in ba haka ba lambar ƙarya za ka gani. Ƙaramin inji mai lafiya yana wuce psi 120, wanda ya gaza 90 da ƙyar zai tashi. In ya yi ƙasa, zuba ƙaramin cokalin baƙin mai ta ramin filogi ka sake. Lamba ta haura sosai, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kai. Hattara da manyan injuna. Yawancinsu suna da wata dabara a jikin kam da ke ɗan ɗaga bawul ɗin fita lokacin tayarwa don sitata ta samu sauƙi, saboda haka lafiyayyen inji zai iya nuna maka lamba ƙasa da 90. Na ga an sauke kan inji mai lafiya saboda rashin sanin wannan.

In wuta da mai da matsi duk sun cika, amma inji yana harbi ta kafireto ko yana mayar da sitata baya, lokacin wutar ne ya goce. Ko ɗan makullin da ke riƙe maganeto a kan sandarsa ya karye, ko sarƙar taimin ta tsallake haƙori. Wannan aikin mai abin zare maganeto ne. Guduma ba ta yi, maganaɗisun take farfasawa.

Kafin ka miƙa makulli

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka nakan zaunar da mai babur in gaya masa yadda zai ajiye shi. In zai wuce mako biyu ba a hau ba, a rufe makunnin mai inji yana aiki har ya mutu da kansa, sannan a sassauta sukurun tsiyaya ragowar ta fita. Kofin da babu mai ba ya yin danƙo. A zare wayar ragi ta batir, a ɗan yi masa caji duk wata. In kuwa ana so ya zauna cikin shiri, a hau shi duk mako na kamar minti 15 har ya yi zafi sosai. Tayarwa ta minti ɗaya a kashe cin batir ne kawai da baƙanta filogi. Bakin salansa a cusa masa tsumma saboda zanzaro da ɓera, amma a ɗaure jelar tsumman da zare a kai shi har jikin hannun birki. An taɓa dawo mini da wani bayan wata huɗu ana cewa gyarana bai yi ba, na zagaya baya na zaro tsumman da ni na ce a sa.